Janar Ibrahim Badamasi Babangida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwarsa da Mulkinsa

Shekara takwas Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya yi yana mulkin Najeriya, daga 27 ga Agusta, 1985 zuwa 26 ga Agusta, 1993. Ya sauka tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu gardama a kansa yau, amma har yanzu da an ambaci IBB a majalisa sai baki ya rabu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Babangida, kuma ina ya taso?

An haife shi a Minna ranar 17 ga Agusta, 1941. Ya yi sakandare a Bida daga 1957 zuwa 1962, kuma ajin nasu abin dubawa ne: a ciki akwai Abdulsalami Abubakar, wanda shi ma ya mulki ƙasar daga baya, akwai Mamman Vatsa, akwai Gado Nasko. A watan Disamba na 1962 ya shiga soja a Kaduna, ya yi horo a Indiya, sannan ya ƙware a ɓangaren tankokin yaƙi da motoci masu sulke a Birtaniya da Amurka. A ƙasar da juyin mulki ya zama ruwan dare, wanda ke riƙe da motoci masu sulke ba a ƙulla komai a bar shi a baya.

A yaƙin basasa ya jagoranci bataliya, aka harbe shi a ƙirji a Uzuakoli a 1969. A shekarar ce ya auri Maryam, 'yar asalin Asaba.

Gaskiya ne babu juyin mulkin da ba da shi aka yi ba?

An ƙara gishiri, amma ba sosai ba. Ba ya cikin waɗanda suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966. Yana dai cikin ƙananan hafsoshin Arewa da suka yi juyin ramuwa a watan Yulin shekarar. Da shi aka kawar da Gowon a 1975 aka ɗora Murtala, har ya samu kujera a majalisar ƙoli ta soja. Da shi aka tumɓuke Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, ya zama babban hafsan sojan ƙasa. Na 1985 kuwa nasa ne na kansa.

Sunansa ya fara fita ne ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ranar da aka kashe Murtala. Shi Janar Danjuma ya tura ya ƙwato gidan rediyon Ikoyi daga hannun jagoran masu yunƙurin juyin mulkin, Buka Suka Dimka. Ya shiga ya yi magana da Dimka ido da ido, ya fito, ya dawo da motoci masu sulke. An ƙwato gidan rediyon, amma Dimka ya sulale, sai daga baya aka kama shi. Masoyansa na kawo wannan a matsayin jarumta, masu sukarsa kuma na tambayar ta wace ƙofa Dimka ya fita.

Me ya sa ya kifar da Buhari, alhali tare suka hau?

Dalilin da aka bayar a rediyo shi ne Buhari da mataimakinsa Tunde Idiagbon sun yi tsauri, ba sa jin shawara, sun cika gidajen yari da 'yan siyasa, sun taka 'yan jarida da Doka ta 4. Buhari kuma ya faɗa daga baya cewa binciken da ya taɓa Aliyu Gusau, na hannun daman Babangida, shi ya jawo aka yi masa taron dangi. Ba lallai ba ne ɗaya ta kore ɗaya.

An yi abin ne lokacin hutun Babbar Sallah, Idiagbon yana Saudiyya aikin hajji. Aka tsare Buhari a birnin Benin sama da shekara uku. Babangida ya shigo da murmushi da wushiryarsa: ya soke Doka ta 4, ya saki fursunonin siyasa, ya sa aka buɗe wa 'yan jarida ɗakunan tsare mutane na hukumar tsaro ta NSO su gani da idonsu. Ya kuma ɗauki laƙabin shugaba irin wanda Shagari ya riƙe, abin da babu wani soja da ya yi kafinsa. Doka ta 2 dai, wadda ke ba da damar tsare mutum ba shari'a, bai taɓa ta ba, kuma ya yi amfani da ita.

Me ya sa ake ce masa Maradona?

'Yan jarida ne suka laƙaba masa, saboda yadda yake yanke mutane kamar ɗan ƙwallon Ajantina: ka ɗauka dama zai bi, ka tsince shi a hagu. Salonsa shi ne ya kira shawara, ya bar kowa ya yi magana har ya gaji, sannan ya yi abin da ya riga ya ƙudura. Ya iya jawo masu sukar gwamnati jiki. Ya ba Wole Soyinka hukumar kiyaye haɗurra, ya ba Tai Solarin bankin talakawa, Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya. Yana riƙe sunan mutum da na iyalinsa, kuma hannunsa a sake yake. A zamaninsa ne toshiyar baki da muƙami ko kwangila ta zama tsarin tafiyar da gwamnati, wanda hakan na cikin manyan laifukan da ake ɗora masa.

Mene ne SAP, kuma me ya sa har yau ake tsine masa?

A 1985 farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, Asusun Lamuni na Duniya, IMF, ya ce zai ba da rance bisa sharuɗɗa. Babangida ya jefa maganar ga jama'a. Aka yi ta muhawara a jaridu da rediyo, mutane suka ce ba sa so, a watan Disamba ya sanar cewa an fasa karɓar rancen, aka yi tafi. A tsakiyar 1986 sai ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki da ya ce na gida ne, wanda ya ƙunshi kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi.

An saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Zuwa 1987 ta kai wajen naira 4, lokacin da ya sauka kuma tana wajen naira 22 a farashin gwamnati. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi a 1986, ta kai kwabo 70 a 1991. An rushe hukumomin sayen amfanin gona irin na gyaɗa da auduga da koko, an soke lasin shigo da kaya, an fara sayar da kamfanonin gwamnati ƙarƙashin kwamitin Hamza Zayyad.

Akwai waɗanda suka ci moriya. Manoman koko sun samu farashi mai kyau, haramcin shigo da alkama a 1987 ya sa noman rani na alkama ya bunƙasa a wurare irin su Kadawa, bankuna sun yawaita, kuma soke lasin shigo da kaya ya toshe wata babbar kafar cuwa-cuwa. Amma mai albashi ya sha wuya. Malamin da a da yake karɓar rancen mota ya sayi sabuwa fil, ya koma neman ta hannu, iyalinsa suka koma gwanjo. Masana'antun Kano da Kaduna da ke sayo kayan aiki da dala suka fara rage ma'aikata. Likitoci da malaman jami'a suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Turai. A 1989 zanga-zangar ƙin SAP ta ɓarke a birane da dama, an rasa rayuka.

Masana tattalin arziki da yawa na cewa gyaran ya zama dole a lokacin. Ko da an yarda da hakan, gwamnatin da ta ce talaka ya ɗaure ciki ba ta ɗaure nata ba, kuma wannan ne ya hana mutane yafewa.

Me ya faru tsakaninsa da Mamman Vatsa?

Vatsa abokinsa ne tun na ƙuruciya, ɗan ajinsu, marubucin waƙoƙi, kuma ministan Abuja. A Disambar 1985 aka kama shi da zargin shirya juyin mulki. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J.P. Clark suka je Barikin Dodan, fadar gwamnati a Legas, roƙon sassauci, suka fito da kyakkyawan zato. Ranar 5 ga Maris, 1986 aka harbe Vatsa da wasu hafsoshi. Babangida ya tsaya a kan cewa dokar soja ce, kuma abota ba ta shafe ta. Iyalan Vatsa har yau ba su yarda an tabbatar da laifin ba.

Wa ya kashe Dele Giwa?

Babu kotun da ta taɓa amsa wannan. Ranar 19 ga Oktoba, 1986 aka kai wa babban editan mujallar Newswatch wani ƙunshi a gidansa da ke Ikeja, yana buɗewa bam ya tashi. Kwanaki kaɗan kafin nan jami'an tsaro sun yi masa tambayoyi. Lauya Gani Fawehinmi ya yi shekaru yana neman a gurfanar da shugabannin tsaro biyu na lokacin, Halilu Akilu da A.K. Togun, bai yi nasara ba, su kuma sun musanta. Babangida ma ya musanta cewa yana da hannu. Da kwamitin Mai Shari'a Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam ya gayyace shi bayan dawowar mulkin farar hula, ƙin zuwa ya yi, ya garzaya kotu, kotun ƙoli kuma ta ce kwamitin ba shi da hurumin tilasta masa.

Shi ya shigar da Najeriya ƙungiyar OIC?

Shi ne. A Janairun 1986, a taron Fez na ƙasar Maroko, Najeriya ta tashi daga 'yar kallo ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashen Musulmi. An yi abin a ɓoye, har mataimakinsa Ebitu Ukiwe ya fito ya ce ba a tattauna batun a majalisar mulki ba, kuma kafin shekarar ta ƙare ya rasa kujerarsa. Kiristoci suka ga yunƙurin musuluntar da ƙasa, Musulmi suka ce ai akwai jakadan Najeriya a fadar Fafaroma. Shi ɗin ne kuma ya maido da hulɗa da Isra'ila a 1992.

Rikicin addini da na ƙabilanci ya yi ƙamari a shekarunsa: Kafanchan a 1987, Tafawa Ɓalewa da Kano a 1991, Zangon Kataf a 1992. Sakkwatawa kuma ba su manta 1988 ba, lokacin da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, aka fara jin sunan Muhammadu Maccido, sai gwamnati ta sanar da Ibrahim Dasuki. An yi tarzoma, an rasa rayuka.

Mene ne juyin mulkin Orkar?

Shi ne lokacin da Babangida ya fi kusa da mutuwa a kan mulki. Da asubahin 22 ga Afrilu, 1990 wasu hafsoshi suka yi wa Barikin Dodan ruwan wuta, suka kashe dogarinsa Laftanar Kanar U.K. Bello, shi kuma aka fice da shi da ƙyar. Manjo Gideon Orkar ya hau rediyo ya ce an cire jihohin Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya. Wannan furuci ya taimaka wajen kashe yunƙurin, domin sojojin da suka fito daga jihohin sun ga ba su da zaɓi sai faɗa. Sani Abacha ne ya tattara dakaru ya murƙushe su, aka harbe sama da mutum sittin bayan shari'ar soja.

Abu biyu suka biyo baya. An gaggauta barin Legas, aka tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Sannan Babangida ya fita daga wannan rana da bashin rai a wuyansa, kuma Abacha ne mai bin bashin.

To, ba abin alherin da ya bari?

Akwai, kuma da yawa suna nan. Shi ya ƙirƙiro Katsina da Akwa Ibom a 1987, ya ƙara tara a 1991, ciki har da Jigawa, Kebbi, Yobe, Taraba da Kogi, jihohi suka kai 30, ƙananan hukumomi 589. Hukumar kiyaye haɗurra, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, hukumar ilimin makiyaya, hukumar samar da aikin yi ta NDE, duk na zamaninsa ne. An kammala babbar gadar nan ta uku a Legas da madatsar wutar Shiroro a 1990. Dokar 1992 ce ta buɗe ƙofar gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu. A waje, shi ya tura dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, ECOMOG, Laberiya a 1990. Matarsa Maryam ta mayar da matsayin matar shugaban ƙasa ofis mai ƙarfi ta hanyar shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka yaba kuma aka soka kan kuɗin da ya ci. Ta rasu a Amurka a Disambar 2009.

Me ya sa shirin miƙa mulki ya yi ta tsawo?

A nan ne halinsa ya fi fitowa fili. Da farko ya ce 1990. Aka ɗaga zuwa 1992, aka ɗaga zuwa Janairun 1993, aka sake ɗagawa zuwa 27 ga Agusta, 1993. Ya haramta wa tsofaffin 'yan siyasa takara, daga baya ya ɗage haramcin. A 1989 ƙungiyoyi goma sha uku suka nemi rajista, ya watsar da su duka, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa: SDP mai doki da NRC mai mikiya, ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta ba su kuɗi, ta gina musu ofisoshi iri ɗaya a hedikwatar ƙananan hukumomi. Wasu gine-ginen suna nan, an mayar da su kotuna da ofisoshin gwamnati.

Zaɓukan farko an yi su ƙato bayan ƙato: a kafa hoton ɗan takara, masu sonsa su jeru a rana, malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirga kawuna da ƙarfi kowa na ji. Maguɗi ya yi wuya a rumfa, amma mai gidan haya da maigidanka a wurin aiki suna ganin layin da ka bi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne tun kafin zaɓen 1993 da aka soke, an soke wani zaɓen. A 1992 an yi fidda gwani na shugaban ƙasa, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi gaba a SDP, Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi suna kan gaba a NRC. Babangida ya soke komai bisa zargin maguɗi, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Wannan ne ya share wa Moshood Abiola da Bashir Tofa fage, dukansu attajirai, dukansu abokansa.

Me ya faru a zaɓen 12 ga Yuni, 1993?

Kwana biyu kafin zaɓe, da dare, wata kotu a Abuja ƙarƙashin Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta ce kada a yi, bisa ƙarar ƙungiyar Arthur Nzeribe mai neman soja su zarce. Hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta yi gaban kanta, domin doka ta hana kotu tsoma baki. Aka yi zaɓe lami lafiya. Abiola da mataimakinsa Babagana Kingibe duka Musulmi ne, amma Kiristoci suka zaɓe su. Abiola ya kayar da Tofa a jiharsa ta Kano. An fara liƙa sakamako a allo a hedikwatar hukumar, jiha 14 sun fita, sai wata kotun ta ce a dakata. Alƙaluman da suka bayyana daga baya sun ba Abiola ƙuri'a sama da miliyan 8, Tofa ƙasa da miliyan 6.

Ranar 23 ga Yuni aka raba wa 'yan jarida wata takarda marar sa hannu cewa an soke zaɓen. Legas ta kama da wuta, sojoji suka harbe masu zanga-zanga, mutane suka yi ta kwashe iyalansu zuwa garuruwansu don tsoron yaƙi. Ko a cikin soja an samu ɓaraka, Kanar Abubakar Dangiwa Umar ya ajiye aiki. Ranar 26 ga Agusta Babangida ya ce ya koma gefe, ya miƙa wa gwamnatin riƙo ta Ernest Shonekan, ya bar Abacha a cikinta yana riƙe da tsaro. Ba a cika wata uku ba Abacha ya karɓe. Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a 1994, aka kama shi, ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli, 1998.

Shi ya soke zaɓen ko tilasta masa aka yi?

A littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a Abuja a Fabrairun 2025, ya amsa cewa Abiola ne ya ci. Ya ce ranar da takardar ta fita yana Katsina ta'aziyyar mahaifin 'Yar'aduwa, wasu hafsoshi ƙarƙashin Abacha ne suka yi abin ba da izininsa ba, shi kuma ya ji tsoron a kashe shi da Abiola, ƙasa ta faɗa yaƙi. Ya ce duk da haka alhakin na wuyansa.

Barazanar hafsoshin ba ƙarya ba ce, wasunsu sun nuna ƙin Abiola a fili. Sai dai kwana uku bayan takardar, Babangida da bakinsa ya yi wa ƙasa jawabi yana kare sokewar. Yana da wata biyu da zai iya warware ta bai warware ba. Kuma wanda ya ɗaga ranar sauka sau uku, ya soke zaɓen fidda gwani, yana da wuya a ce wannan karon ne kaɗai hannunsa bai taɓa ba. Abacha ya rasu tun 1998, ba zai kare kansa ba. Iyalansa ne suka fito suka ƙaryata. Tun 2018 gwamnatin Buhari ta mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ta ba Abiola lambar girma mafi girma a ƙasa.

Ina maganar dala biliyan 12 na rarar mai?

A 1994 Abacha ya kafa kwamiti ƙarƙashin masanin tattalin arziki Pius Okigbo ya duba Babban Bankin Najeriya. Kwamitin ya gano cewa daga 1988 zuwa 1994 kimanin dala biliyan 12.4 sun bi ta wasu asusu na musamman da ba sa cikin kasafin kuɗi, ciki har da rarar da aka samu lokacin Yaƙin Tekun Fasha, kuma yawancinsu an kashe su a abubuwan da ba su da fifiko. Gwamnati ba ta taɓa wallafa rahoton a hukumance ba. Babangida ya ce ayyuka aka yi da kuɗin, kuma rahoton bai kira shi ɓarawo ba. Masu sukarsa na nuna katafaren gidansa na kan dutse a Minna suna tambayar albashin wane janar ne ya gina shi.

Ya sake neman mulki? An taɓa gurfanar da shi?

Sau biyu ya gwada a PDP. A 2006 ya karɓi fom, ya janye da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shigo. A 2010 ya sake fitowa, amma kwamitin dattawan Arewa ƙarƙashin Adamu Ciroma, wanda Babangida ya haramta wa takara a 1992, ya zaɓi Atiku Abubakar a matsayin ɗan takarar maslaha, ya haƙura.

Ba a taɓa gurfanar da shi kan ko ɗaya daga cikin zarge-zargen nan ba. Yana zaune a Minna, ciwon ƙafa da ya daɗe yana fama da shi ya rage masa zirga-zirga, kuma duk kakar zaɓe masu neman shugabancin ƙasa daga manyan jam'iyyu sukan je gaishe shi. A bikin ƙaddamar da littafinsa shugaban ƙasa mai ci Bola Tinubu, wanda ya yi gudun hijira saboda fafutukar 12 ga Yuni, yana zaune a wurin, attajirai kuma suka yi alƙawarin biliyoyin naira don gina ɗakin karatu da sunansa.